Malam Mai Aidin da Ƙwaryar Hinde

Haihuwa da asali

An haifi Malam Abdulwahabu Namadi, wanda daga baya ƙasar Tambuwal da Kebbe suka fi sani da Malam Mai Aidin, a garin Jabo cikin shekarar 1932, a ƙarshen damina, gero na tsaye bai isa yanka ba. Mahaifinsa Namadi manomi ne mai gona biyu da jaki ɗaya, mutum ne mai ƙarancin magana, domin mahaifiyarsa Ummu ta riga ta ɗauke wa gidan wannan nauyi baki ɗaya. Shi ne na huɗu cikin 'ya'yansu bakwai, kuma waɗanda suka san shi tun yana rarrafe sun haɗu a kan shaida guda, cewa ba a taɓa miƙa masa abu ya karɓa haka nan ba, sai ya jujjuya shi, ya sansana, ya nemi sanin abin da ke cikinsa. An ruwaito cewa yana ɗan shekara biyar ya fasa tulun mahaifiyarsa don ya ga inda sanyin ruwa yake ɓuya. Sanyin bai gan shi ba, amma ya ga tafin hannun Ummu.

Neman ilimi

Ya fara karatun allo a Jabo, ya kai izu goma sha biyu kafin shekarar 1940, lokacin da aka ɗauke shi zuwa makarantar elemantare ta Tambuwal. A 1944 ya wuce Midil a Sakkwato, a 1949 kuma aka zaɓe shi zuwa kwalejin horon malamai, inda ya yi fice a darasin sanin halittu, ya kuma yi suna wajen tsayar da aji da tambaya bayan an kaɗa ƙararrawar abinci.

A wannan kwaleji ne, wata Talata cikin shekarar 1951, abin da ya juya rayuwarsa ya auku. Wani Bature mai koyar da su ya shigo aji da dankali da 'yar kwalba mai ruwan ƙasa, ya yanka dankalin, ya ɗiga masa aidin, wato maganin nan mai zafi da ake shafa wa rauni a asibiti. Nan take farin dankali ya rikiɗe ya koma shuɗi mai duhu, kamar an tsoma shi a marina. Malamin ya bayyana musu cewa duk abin da ke ɗauke da sitaci, irin gero da dawa da shinkafa da rogo, haka yake yi idan aidin ya taɓa shi, wanda kuwa babu sitaci a cikinsa, sai dai ɗigon ya tsaya da launinsa na ruwan ɗorawa. Sauran ɗalibai suka rubuta suka manta. Abdulwahabu kuwa ya ɗaga hannu ya tambaya ko aidin yana yin kuskure, aka ce masa ba ya yi. Daga ranar ya ƙudurta a ransa cewa ya sami mai shaida wanda ba a sayensa, ba ya jin kunyar kowa, kuma yana shiga aljihu. Ya kammala a 1952 da takardar shaidar malanta da kwalba ɗaya, kuma babu tabbacin wadda ya fi ji da ita.

Fara aiki

An fara tura shi koyarwa Sanyinna a 1953, sannan a watan Janairun 1957 aka yi masa canji zuwa Kebbe, ƙasar noma da kiwo, inda hanya ba ta ƙaunar baƙo. A nan ya yi abota da Ɗanmaliki, malamin ɗakin shan magani, mutum mai fara'a da son dariya, wanda ya riƙa cika masa kwalbarsa duk sa'ad da ta yi ƙasa.

Malami ne na ƙwarai, wannan ba a ja. Ɗalibansa sun san yadda ake tafasa ganye, a jiƙa shi a sifirit na asibiti har koren ya fita, a ɗiga aidin a ga sitacin da ganyen ya haɗa da hasken rana. Sai dai Malam bai san inda aji ya ƙare ba. Ya ɗiga wa tuwo, ya ɗiga wa waina, ya ɗiga wa doya da gwaza, duk suka yi shuɗi. Ya ɗiga wa tsire da zuma da man shanu da gishiri, suka ƙi. Tun da yake abin da aidin ya taɓa ba ya ciyuwa, kafin shekara ta zagayo mutanen Kebbe sun koyi rufe kwanonsu idan suka hango hularsa. Daga nan laƙabin Mai Aidin ya bi shi, shi kuwa ya ɗauka yabo ne.

Neman aure da abin da ya faru a kasuwa

Duk da wannan hali, akwai abu guda da Malam yake sha ba tare da bincike ba, shi ne fura da nono. Kullum da hantsi sai ya saya wurin Dada, wata dattijuwa daga rugar gabas da gari, wadda ita ce babba a rumfar masu nono, mace mai kwarjini da kaifin harshe. Dada tana da 'ya mai suna Hinde, wadda takan kawo wa uwarta ƙwarya ta zauna a gefe, ba ta cika magana ba, amma idan ta yi ɗaya takan ishi mutum tunanin yini. A 1959 Malam ya fara neman aurenta, ita ma ta nuna tana so. Magabatansa suka zo daga Jabo, aka yi gaisuwa, aka tsayar da magana a kan bayan kaka mai zuwa.

To, akwai wata al'ada da duk Kebbe aka sani ba a faɗi. Idan bazara ta yi tsanani, ciyawa ta ƙone, shanu suka rage nono, masu sayarwa sukan ƙara ɗan ruwa, sannan su zuba ɗan farin kunu don kaurin ya dawo. Mai saye ya sani, mai sayarwa ta san ya sani, kowa ya sha ya gode wa Allah har ruwa ya sauka. Malam kaɗai ne bai sani ba, kuma da labarin ya zo kunnensa a watan Afrilun 1960, bai kawo wa ransa Dada tana ciki ba. Sai ma wata dabara ta faɗo masa, wadda ya ga babu kamarta wajen faranta wa surukai: zai gwada nonon kowa a bainar jama'a, na kowa ya yi shuɗi, na Dada ya fita tas, duk gari ya san gidan da zai auro. Ɗanmaliki ya roƙe shi ya bari, ya ƙi, don haka Ɗanmaliki ya bi shi, a cewarsa don kada a ba shi labari.

Ranar kasuwa Malam ya sa farar rigarsa da ta sha sitaci da guga har tana ƙara, ya isa rumfar nono rana tsaka, ya yi wa jama'a gajeren jawabi a kan gaskiya da amana. Ya ɗebi nonon mace ta farko a murfin kwano, ya ɗiga, ya yi shuɗi. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Mutane suka taru har masu awon hatsi suka bar mudunsu. Sannan ya juyo wurin Dada yana murmushi.

Dada ta dube shi ta ce, “Malam, nono na, ba gyambo ba. Mi za ka ɗiga mai magani?”

Ya ce, “Inna, so nika jama'a su ga bambanci. Na kowa ya yi baƙi, naku ko fari tas za shi tsaya.”

Ta ce, “Kai dai ka bari.”

Bai bari ba. Ya ɗiga, kuma waɗanda suka halarta sun tabbatar da cewa duk rumfar ba a ga shuɗin da ya kai wannan duhu ba. Malam ya zabura ya ja da baya, kwalbar ta karkace, aidin ya tsiyayo a gaban farar rigarsa, daga wuya har ciki ya zama shuɗi ƙirin. Dada ta miƙe tsaye, ta nuna shi da ludayi.

Ta ce, “Jama'a, ku taho ku gani, ashe rigar malam ma kunu tas sha! Malam, don mi anka zuba ma rigarka kunu? Don ta yi kauri ta tsaya, ko ba haka na ba? To mu ma don shi tsaya munka zuba. Duk Kebbe wa ab bai san nonon bazara ba? Uwata haka tay yi, kakata haka tay yi, ba wanda yam mutu. Kowa shina sane, kowa ya kama bakinai, sai mai kwalba.”

Dariyar da aka yi a ranar, Ɗanmaliki ya ce har mahauta sun ji daga ƙarshen kasuwa. Mutum biyu ne kawai ba su yi ba, Malam da Hinde, wadda ta ɗauki ƙwaryar uwarta ta rufe da faifai ta kama hanyar ruga. Washegari aka aiko wa Malam cewa maganar aure ta tashi.

Sulhu da sharaɗi

Wata biyar Malam ya yi babu nono babu Hinde, domin matan rumfar sun haɗa baki ba mai sayar masa ko ludayi guda. Ya rame, ya yi baƙin ciki na gaske, ya gane cewa aidin bai yi kuskure ba, shi ne ya yi. Ɗanmaliki ya yi sawu ya kai goma zuwa ruga yana ba da haƙuri, Dada tana korarsa, har ranar da Hinde ta gaya wa uwarta cewa wauta ce ke damun mutumin ba mugunta ba, kuma ita har yanzu shi take so. Dada ta sauko, amma da sharaɗi guda, wanda aka faɗa a gaban shaidu: har abada aidin ba zai taɓa abin da ya fito daga hannun 'yarta ba. Malam ya ɗauki alkawari. Hinde kuma ta ƙara nata saƙon ta bakin Ɗanmaliki, ta ce, “In shina son sanin abin da ke cikin ƙwaryata, shi tambaye ni da bakinai.” Malam ya ji saƙon, ya ɗauke shi a matsayin gargaɗi, ya ƙudurta ba zai taɓa tambaya ba.

An ɗaura aure ranar Juma'a, 7 ga Oktoba, 1960, kwana shida bayan samun mulkin kai, tutocin takarda da aka raba wa makaranta ba su gama yagewa ba. Amarya ta tare da saniya biyu da mahaifinta ya ba ta.

Zaman iyali da komawa Tambuwal

Allah ya albarkaci auren. An haifi ɗansu na fari a 1962, a 1964 kuma aka ɗaga Malam zuwa muƙamin hedimasta aka mayar da shi Tambuwal, inda ya gina gida mai garke a bayansa saboda shanun Hinde, waɗanda suka riƙa ƙaruwa tare da 'ya'ya. Ya yi aiki ƙarƙashin Jihar Arewa, ya ga rabuwarta a 1967, ya ci gaba da koyarwa ba tare da an taɓa samun sa da sakaci ba. Ya sauke farali a 1978. Dada ta rasu a 1981, bayan ta yi shekara ashirin tana aiko masa da man shanu, tana kuma tambayar lafiyar rigarsa.

A duk tsawon wannan zama, kullum da hantsi Hinde takan kawo masa fura da nono, kuma nonon nan kauri gare shi, rani da damina, har a tsakiyar bazara sa'ad da shanu ke lasar ƙasa. Malam ya yi lissafinsa na masana ya gano cewa wannan kauri ba ya samuwa sai da dalili, kuma 'yar Dada ce. Ƙari a kan haka, ba ta taɓa kawo masa nonon zalla ba, sai ta dama shi da fura, fura kuwa gero ce, ko da ya karya alkawari ya ɗiga a ɓoye dole ta yi shuɗi, ba abin da zai gane. Wannan ma ya lissafa shi cikin hujjoji. Bai karya alkawari ba ko sau ɗaya, wannan kam a yaba masa, kwalba na aljihu, ƙwarya na gabansa, yana haɗiye tambaya tare da fura. Sai ya yanke wa kansa hukuncin zama mai yafiya. Duk ranar Allah idan ya shanye, sai ya ajiye ludayi, ya dubi ƙwaryar, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, “Allah shi yafe muna baki ɗaya.” Hinde takan ce amin, ta ɗauke ƙwaryarta. Ta san abin da yake nufi sarai, kuma abin yana yi mata ciwo, amma ta riga ta faɗi nata tun 1960, ba ta ga dalilin maimaitawa ba.

Akwai wani farin ƙyalle da ake shanyawa a dangar tsakar gida kowace safiya, ya tsufa a sake wani. Malam ya wuce shi sau dubbai a hanyarsa ta fita, ya sha kauda shi da hannu don kada ya taɓa masa hula. Mutumin da ya binciki gishiri bai taɓa tambayar aikin ƙyallen nan ba.

Ritaya da rashin lafiya

Ya yi ritaya a 1987 bayan shekara talatin da huɗu yana aiki, ya koma noma da karatun littattafan addini, kwalbar kuma ta koma kan taga. A ƙarshen 1997 ciwon ƙafa da hawan jini suka kwantar da shi, jiki ya riƙa ja baya, har abinci ya gagara sai furar hantsi.

Wata safiya a farkon Maris na 1998, Hinde ta shigo ɗakinsa da ƙwarya a hannun dama, kwalbar aidin a hannun hagu. A karo na farko tun aurensu nono ne zalla, babu fura. Ta ɗiba kaɗan a murfi ta ajiye gabansa.

Ta ce, “Malam, tashi ka ɗiga. Dada ta riga mu gidan gaskiya, alkawali ya dawo hannuna, ni ko na sake ka.”

Ya ce, “Haba Hinde, bari. Abin da yaw wuce ya wuce, ni na daɗe da yafewa.”

Ta ce, “Yafewar nan taka ita ag gajisshe ni. Ɗiga.”

Ya jingina da bango, ya buɗe kwalbar da ƙyar, ya ɗiga. Ɗigon ya zauna a kan farin nono da launinsa na ruwan ɗorawa. Ya jira, ya ƙara wani, ya motsa da tsinke, babu abin da ya sauya. Malam dai malami ne har a gadon ciwo, sai ya ce aidin ɗin ya tsufa, a kawo masa gutsuren tuwon jiya. Ta kawo, ya ɗiga, tuwo ya yi shuɗi ƙirin nan take. Ya dubi tuwon, ya dubi nonon.

Can ya ce, “To kaurin fa?”

Hinde ta fita ta ciro ƙyallen daga danga ta ɗora masa a cinya. Ta ce, “Wanga na. Kullum ina juye nono ciki, in ɗaure, ruwan shi tsiyaye. Ƙwarya biyu nika tatsa kafin ka samu guda. Tun ranar da kak kunyata uwata cikin kasuwa nir rantse ba mai ganin shuɗi cikin ƙwaryata, ko da kwalba ko ba kwalba.”

Ya ce, “Ashe shekara talatin da bakwai ina yafe maki laifin da ba ki yi ba.”

Ta ce, “Ni ko shekara talatin da bakwai ina jiran ka buɗe baki. Ka tambayi rogo, ka tambayi doya, har gishiri ka tambaya. Ni da ke da bakin ba ka amsa, ni ɗai ka tsallake.”

Malam ya yi kuka, kuka na kunya da nadama, ya roƙe ta gafara. Ita kuwa dariya ta kama ta, ta yi ta yi har nata hawayen suka zubo, sannan ta ce ta yafe, kuma tata yafiyar sau ɗaya ake faɗinta. Ta dama masa fura da sauran nonon, ya shanye tas, ya ajiye ludayi, ya ce alhamdu lillahi, bai ƙara komai a kai ba.

Rasuwa

Allah ya yi wa Malam Abdulwahabu Namadi rasuwa a gidansa da ke Tambuwal ranar Alhamis, 12 ga Maris, 1998, cikin watan Zulƙida na 1418, yana da shekara sittin da biyar. An yi masa salla bayan Azahar, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar garin, tare da ɗimbin jama'a daga Jabo da Sanyinna da Kebbe, ciki har da tsohon amininsa Ɗanmaliki, wanda aka riƙo da sanda. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ya rasu ya bar matarsa ɗaya, Hajiya Hinde, da 'ya'ya shida: Sama'ilu, malamin gona, Abdulhamidu, ma'aikacin lafiya a Kebbe, Jamilatu da Nana, suna gidajen aurensu a Sanyinna da Jabo, Zahara'u, mai koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare, da autansu Ɗan'iya, wanda ya riƙe garken, sai jikoki goma sha tara. Bisa wasiyyar da ya bari, an ba Zahara'u kwalbar, da sharaɗin kada ta fita da ita daga aji. Ƙyallen kuwa ya ce a wanke, a ninke, a sa a akwatinsa na ƙarfe, a saman takardar shaidarsa ta kwaleji.